Turakun Baba Ƙwanƙwasa

Kullum kafin masu shaguna su gama share ƙofa, Baba, maƙerin layinmu, ya riga ya buɗe maƙerarsa. Ba wuta yake fara hurawa ba. Ƙaramar gudumarsa yake ɗauka, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda daɗewa a hannu, ya bi aikin jiya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kai a karkace, yana saurare. Ƙyauren ƙarfe, ƙafar baro, murhu, mariƙin guga. Wanda ya yi ƙara garau sai ya jingine shi a ɓangaren masu zuwa karɓa. Wanda bai gamsu da ƙararsa ba sai ya mayar da shi wuta, ko da mai shi na tsaye yana duba agogo. Shi ya sa yaran layinmu suka sa masa Baba Ƙwanƙwasa, har sunan ya bi shi, shi ma yana amsawa.

Ƙarshen watan nan zai miƙa wa babban ɗansa mabuɗi, bayan shekara arba'in da ɗaya a bakin wuta. Ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ni ba gwanin rubutu ba ne, gyaran keke na sani, amma na ga bai kamata mutumin nan ya rufe ƙofa shiru ba.

Mai gadin makarantar layinmu zai ba ku labarin ranar da ƙyauren makaranta ya kusa faɗa wa yara. Baba ne ya ji ƙararsa ta canja yana wucewa, ya koma ya ɗauko kayan aiki tun ba a kira shi ba. Mai keken guragu na bakin kasuwa kuwa ya ce sau uku ƙashin kekensa yana karyewa, sau uku Baba yana haɗawa, kuma duk lokacin da ya sa hannu a aljihu sai Baba ya yi kamar kurma. Nawa labarin ya fi nasu tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ƙungiyar sikawut ta unguwarmu ta fi shekara talatin, kuma duk tsawon lokacin nan Baba ke gyara mana sandunan tanti da tukwane. Bai taɓa kwana a tanti ba. Ya ce ƙashin bayansa bai yi masa laifin komai ba.

Bara aka zaɓi yara goma sha biyu daga cikinmu su je babban zangon matasa na duniya, inda dubban yara daga ƙasashe daban-daban ke kafa tantuna a fili ɗaya har kwana goma. Manya uku za su raka su: Malam, shugabanmu, da Malama mai kula da 'yan mata, sai ni, mai kula da kaya. Cikin yaran har da ƙanwata Auta, 'yar shekara goma sha huɗu.

Auta tana da sikila. Wanda ke da mai ciwon nan a gida ya san abin da sanyi da jiƙewa ke yi masa. Na sha ganinta tana murƙususu a gadon asibiti saboda ruwan sama ya dake ta a hanyar makaranta. Likitanta ya duba ta ya ce za ta iya tafiya, in dai za ta yawaita shan ruwa, ta sha magani a kan lokaci, kuma kada ta jiƙe ta kwana da sanyi. Umma ta ce sam. Auta ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba. A na huɗu Umma ta kira ni ɗaki.

"Kai ne mai kaya ko? To ka yi min alkawari ruwa ba zai taɓa min yarinya ba."

Na yi alkawarin, na fito. Da na gaya wa Baba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"Kai ma dai, ɗana. Ruwan sama a aljihunka yake? Tanti ne a hannunka. Kawo min shi in gani."

Lokacin an kawo mana sababbin tantuna kyauta, masu sheƙi, marasa nauyi. Muka kafa ɗaya a filin makaranta kowa yana ɗaukar hoto. Baba bai ko kalli yadin ba. Jakar turaku ya buɗe, ya zaro ɗaya, siriri kamar tsinken keke, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya sa yatsa biyu ya lanƙwashe shi.

"Malam, filin da za ku je, yashi ne, ko tsakuwa, ko taɓo?"

Malam ya buɗe jakarsa. Takardu sun fi shafi arba'in: na fasfo, na rigakafi, na waƙar da za mu yi, na yadda za a ɗaura ƙyallen wuya. Wata shida muna shiri, mun haddace fareti har muna yi a mafarki, amma babu wanda ya tambayi inda za a kafa turke.

Baba ya sa na nemo hoton filin a waya. Ciyawa ce kore shar a bakin wani tafki, gwanin sha'awa. Ya kai wayar dab da idonsa mai gani, ya ce in ƙara girman wani lungu. Sawun tayar babbar mota ne, ya nutse, ruwa ya kwanta a ciki. Sai ya nuna bishiyoyin bakin tafkin, duk sun sunkuya gefe guda.

"Ƙasa mai laushi, ga iska mai zuwa daga ruwa. Waɗannan tsinkayen, ko akuya ba za su riƙe ba."

Mako biyu ya yi yana ƙera mana turaku da ƙarfe mai kusurwa, kowanne tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da ƙugiya a kai. Ya ja ni bayan famfon unguwa inda ƙasa ba ta bushewa, ya kafa ɗaya a karkace, kansa yana kallon nesa da inda igiya za ta ja. Ya sa ƙarti huɗu suka ja. Igiyar ce ta tsinke.

Sai rigimar nauyi ta taso. Jirgi yana da iyakar kayan da kowa zai ɗauka, kuma jakunkunanmu sun riga sun cika. Ranar da muka aro ma'auni muka taru a ajin makaranta, Malam ya ce, "Baba, zango za mu je fa, ba ginin gada ba."

Baba ya matso. Ya ɗaga jakar Malam, ya jijjiga ta, ya ƙwanƙwasa gefenta.

"Mene ne wannan?"

"Dutsen guga ne. Kada mu shiga fareti da kaya a yamutse."

"To in iska ta ɗauke tantin, sai ka goge ciyawa ka kwanta."

Yara suka kwashe da dariya, Malam ma ya yi. Dutsen guga ya fita. Takalman gayu suka fita, da kwalaben turare, da wani madubi da har yau ba a san mai shi ba. Kowa ya ɗauki turaku huɗu. Auta ta zaro bargonta na biyu za ta ajiye, Baba ya riƙe hannunta.

"Wannan kada a taɓa. Yayanki ya ɗauki naki turakun, ai ba don ado Allah ya ba shi kafaɗa ba."

Ranar tafiya ya miƙo min ƙaramar gudumarsa, ita dai wadda na faɗa muku. Ya ce kowace safiya in bi turakun in ƙwanƙwasa, wanda na ji ya saki in ƙara masa. "Aro ne fa," in ji shi.

Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba. Tantuna iya ganinka, tutoci kala-kala, harsuna da ban san akwai su ba. Yara suna musayar bajo da ƙyallen wuya, Auta kuwa kafin azahar ta yi ƙawaye uku da hannu kawai suke magana. Maƙwabtanmu sun kafa nasu cikin minti goma, da ƙafa suke taka turakunsu su shige. Mu kuwa muna ta bugu kamar masu fasa dutse. Suka zagaye mu suna dariya, ba da mugunta ba, wani ma ya ɗaga turke ɗaya ya yi kamar zai yi yaƙi da shi.

A nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Na kafa tantin 'yan mata da na maza yadda Baba ya koya min. Da aka zo kan rumfar girki, na gaji, kuma dariyar ta fara shiga jikina, sai na ɗauko siraran turakun nan na taka su da ƙafa kamar kowa.

Kwana biyar rana tana haske. Kowace safiya ina zagayawa da guduma, har yaran maƙwabta suka riƙa bina suna kwaikwayona, kai a karkace.

A rana ta shida da la'asar, sama ta haɗe ta wajen tafkin. Lasifika ta yi sanarwa kowa ya koma wurinsa. Na hango Malama ta riƙo hannun Auta suna gudu, suka shige tanti ɗigon farko yana sauka. Sai iska ta iso.

Rumfar girkinmu ce ta fara tashi, da tukwane da komai, kamar an fizge hula. Na ga tantin maƙwabta ya kumbura ya tuma, yara suna kururuwa a ƙarƙashin ruwa. Ni dai na durƙusa a bayan tantin 'yan mata ta ɓangaren iska, hannuna ɗaya a kan igiya. Tana rawa kamar za ta yanke min tafi. Ba abin da nake gani sai fuskar Umma. Asibitin zango yana can ƙarshen fili, hanya kuma ta zama kogi. Na san in tantin nan ya tashi, ba ni da inda zan kai Auta kafin sanyi ya shige ta.

Na lallaɓa na ƙwanƙwasa turken farko. Garau. Na biyu, garau. Na uku ya ɗan saki, na ƙara masa bugu uku ya zauna. Haka na yi ta zagaye, ban san sau nawa ba.

Da ruwan ya tsagaita, na tsaya a ƙofar tantin na kasa ɗaga labulen. Na ce, "Malama, yaya Auta?"

Muryar Auta ce ta amsa. "Yaya, kada ka shigo, ka jiƙe, za ka ɓata mana wuri."

Malama ta ɗaga labulen kaɗan. Tantin mutum shida ya ɗauki mutum goma sha tara. 'Yan matan maƙwabta ne suka fake, an cure kamar 'yan tsaki. Auta tana tsakiya cikin barguna biyu, kofin ruwan ɗumi a hannunta, ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Na zauna cikin taɓo, na yi ta dariya hawaye yana zuba, ruwan sama ya rufa min asiri.

Alhamdu lillahi babu wanda ya ji mummunan rauni a layin tantunanmu, masu zangon kuma sun yi ƙoƙari, kafin magariba sun raba busassun barguna. Washegari masu dariyar nan suka dawo, wannan karon a durƙushe, suna auna turakun da hannu suna ɗaukar hoto. Shugabar maƙwabta ta cire ƙyallen wuyanta ta miƙo, ta nuna turke ɗaya. Ranar tashi na ba ta. Malam da kansa ya ce da ya sani da ya bar har takalmansa.

Baba, kai ne ka yi tambayar da masu takardu ba su yi ba. Kai ne ka ga sawun taya a hoton da mu muka ga ciyawa, da ido ɗaya da rabi. Ba ka hau jirgi ba, ba a kira sunanka a lasifika ba, babu bajo ko ɗaya a ƙirjinka, amma mutum goma sha tara sun fake a bayan aikinka. Maƙerin da ba ya sallamar ƙarfe sai ya ji muryarsa, sannu da aiki.

Da muka dawo, na kai masa gudumarsa da ƙyallen wuyan nan. Ya karɓe gudumar da sauri.

"Kwana goma sha biyu ina ƙwanƙwasa ƙarfe da cokali. Wane turke ya motsa?"

"Ɗaya ne ya ɗan saki, Baba. Amma rumfar girki ta tashi. Da siraran na kafa ta."

Ya ce, "Tukwanena fa?"

"Mun tsinto su. Sun lotse."

"Kawo su. Kai ma da za ka shiga wuta da na gyara ka."

Muna cikin haka sai ga Umma, wadda ban taɓa ganin ta taka ƙofar maƙera ba, riƙe da hannun Auta. Ta gaishe shi, ta buɗe baki za ta yi godiya. Baba ya ga haka, sai ya yafito Auta. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa goshinta a hankali, ya karkata kai yana saurare.

"Garau take," in ji shi. "Ku tafi da abarku."

Mun gode, Baba. Ni da Umma da Auta mun gode, da iyayen waɗancan yaran da ba su san da kai ba. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa hutun nan ya yi maka daɗi, ya sa ɗanka ya gaji kunnenka. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, masu ɗinki da masu gini da masu gyaran keke irina, kafin mu miƙa wa mutum kayansa mu tambaye shi inda zai kai su, mu kuma ƙwanƙwasa mu saurara. Ni dai na fara. Jiya wani ya tsaya yana duba agogo, na mayar da kekensa kan benci.