Masu Addu'a da Yawun Delbert

Delbert Stutzman ya tsufa yana sayar da abincin kaji a wani ƙauyen Ohio a Amurka, amma hankalinsa bai taɓa zama a shagon ba. Kullum yana wajen gwanjon kayan mamata, yana farautar tsofaffin zane-zanen fentin mai: manoma na ɓarar masara, tsofaffi na dara a gindin murhu. Zanen attajiri ko kyauta ba ya so. Bangon gidansa ya cika maƙil, har banɗaki bai tsira ba.

Wanda ya fi shiga ransa wani ne da hayaƙi ya dafe, da ƙyar ake gane maza huɗu a tebur, kawuna sunkuye. Matarsa Lorene ta raɗa masa suna Masu Addu'a. Rannan, ba shawara, ta yi wa coci alkawarinsa.

"Ɗaya tak, tsoho, cikin wannan tarkacen. Ko Ubangiji ma rowa za ka yi masa?"

Abin ya yi wa Delbert ciwo ƙwarai, amma mutumin ba ya faɗan da ya san zai sha kaye.

"Wane ni! Sai dai ba a kai wa ɗakin Allah datti. Bari in wanke shi."

Masu wannan harka da yawu suke cire dattin tsohon zane, a kan ɗan auduga, kaɗan-kaɗan. Delbert ya duƙufa har bakinsa ya bushe. Fuska bai taɓa ko ɗaya ba, hannuwa da tebur kawai ya bi, don ya daɗe yana zargin waɗannan bayin Allah.

Da Fasto Amstutz ya zo ɗauka, Lorene ta yaye ƙyallen da Delbert ya lulluɓe zanen da shi, cike da alfahari. Sai ga karta a kowane hannu, ga tulun barasa a tsakiya.

"Delbert! Me ka yi musu?"

"Ni? Wanka kawai na yi musu."

Fasto ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce bangon coci yana da danshi, kada a cuci zanen. Delbert ya rataye abinsa a inda yake, yana ƙoƙarin yin fuskar takaici. Fasto ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya sake leƙawa.

"Wannan na hagun," in ji shi a hankali, "in ya jefa sarkin kartar nan, ya kashe kansa."