Tanko, Mai Fara Gyara Daga Birki

Kafin masu kifi su taso daga bakin tabki, Tanko ya riga ya share rumfarsa da ke gefen hanyar Maraɗi, ya shimfiɗa tsohon buhun gyaɗa, ya jera ƙarafan aikinsa a kai. Sai ya hura wutar maƙera, ya zauna yana shan kunun da matarsa Ladi ta aiko. Haka muka san shi a Madarumfa. Asalinsa maƙeri ne, ɗan maƙeri. Bayan yaƙin Turawa ya bi motocin gyaɗa zuwa Katsina, ya dawo ya san cikin inji kamar yadda ya san cikin ɗakinsa. Bana ya ce zai ajiye aiki don hannunsa ya fara rawa, ni kuma na ce ba zai tashi daga rumfar nan shiru ba.

Duk shekara in an sayar da gyaɗa, samarinmu masu babur, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, sukan yi tsere daga Ɗan Issa zuwa nan. Ba a ba da kyautar komai, suna ne kawai, amma kun san samari da suna. Kuma mu nan mun ɗauka ƙara ita ce gudu. Sai ka ga mutum ya datse bututun hayaƙi, ya shafa jan fenti, ya ɗaura laya a kan babur, ya ce ya shirya.

Tanko bai taɓa yarda da wannan shirme ba. Duk wanda ya kawo masa babur da ɗan abin da ke aljihunsa, jawabin ɗaya ne: birki tukuna, sai taya, sai sarƙa. In da saura a taɓa inji. Fenti kuwa ka je gida ka shafa da kanka. In ya gama gyaran birki, sai ya fita tsakiyar hanya ya harɗe hannuwa, ya ce wa mai babur ya taho da gudu ya tsaya a gabansa. Shi kuwa ko gezau.

Kai ne, Tanko na Ladi, wanda ba ka sallamar aiki sai ka fara gwada shi da jikinka. Kai ne ka ɗauki zagin yaran da ka haifi kamarsu, ba ka rama ba, ba ka kuma sauya magana ba.

Wanda ya fi kowa zaginka shi ne Shu'aibu, ɗan Hauwa mai kifi, shi kaɗai Allah ya bar mata. Bara waccan ya sayi tsohon babur, ya rantse sai ya kayar da Garba na Ɗan Issa, wanda ke cinye tseren kullum. Kuɗin da ya rage masa ba zai isa gyara biyu ba. Ko a sa masa sabuwar kafireta, mai ba inji mai, ko a gyara birkin da ya cinye da tayar gaba da ta suɗe. Ya zaɓi kafireta, har ya yi magana da mai kawo ta daga Katsina.

"Baba Tanko, ni gudu nika so, ba tsayawa ba," in ji Shu'aibu.

"Na ji. Wanga abu in na sa maka shi, za ka tahi kamar iska. To, wa za ya tsai da kai?"

"In ba ka iyawa ka hwaɗi, in kai Maraɗi."

"Ka kai. Amma ka biya ta bakin tabki ka shaida ma uwarka abin da na ce."

Bai kai Maraɗi ba, bai kuma biya ta bakin tabki ba. Ya jefar da babur ɗin a rumfa ya tafi yana gunaguni. Tanko ya gyara birki, ya sa taya, ya ɗaure sarƙa, ya wanke tsohuwar kafiretar da kananzir ya mayar.

Ranar tsere Garba ya yi gaba, Shu'aibu na binsa a gindi. A gangaren da ke kusa da gari, inda shanu ke tsallaka hanya su sha ruwa, Garba ya wuce ke nan sai garke ya ɓullo daga cikin kara. Masu gonakin wurin sun gani da idonsu. Shu'aibu ya danne birki, babur ya ja ƙasa ya tsaya cak, tayar gaba na shafar ƙafar wani bijimi. Kafin shanun su gama wucewa, ana can ana yi wa Garba guɗa.

Har gobe akwai masu cewa da an sa kafiretar da Shu'aibu ya wuce kafin shanun su fito. An faɗa wa Tanko a fuskarsa, ya ce, "Mai yiwuwa ne." Shu'aibu ya daina gaishe shi har wata kakar ta zagayo. Ni kuwa na ji haushin masu wannan magana, kuma har yanzu ina ji. Hauwa ce ta rufe bakinsu a kasuwa.

"Ku yi ta lissahinku," ta ce. "Ni dai da ƙahwahunshi ya shigo mini gida, ba bisa makara aka kawo shi ba."

Tanko, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba hannun nan hutu cikin lafiya. Ku kuma masu tasowa da za ku gaji rumfunan gyara, ku koyi cewa a'a ga mai kuɗi a hannu, ko da zai daina gaishe ku. Ba ku san wadda ke jiransa a gida ba. Jiya da la'asar na ga Shu'aibu ya ɗauko uwarsa daga bakin tabki, tana riƙe da kwandon kifi a bayansa, tana yi masa faɗa ya rage gudu.