Ƙararrawar Saniya a Saman Benenmu

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta yammacin da aka kaɗa ƙararrawar saniya a saman benenmu na Hayyin Ashir, a kakar shekarar 2012.

Lokacin ina karatu a Alƙahira, ɗakinmu ɗaya da wani Bature da ya musulunta, ɗan wani ƙauye a duwatsun Ostiriya. Ni kuwa Allah ya yi ni da shisshigi. Tun ranar da na hango wani abu naɗe cikin tawul a ƙarƙashin gadonsa na kasa sukuni, sai da na ishe shi ya buɗe. Ƙararrawa ce ta tagulla, ta kai girman ƙwaryar fura, an cusa mata safa don ta yi shiru.

"Ya akhi, ɗan'uwa, coci ka ɗebo mana?" na ce.

Ya yi dariya. "Ta saniya ce, ta kakana."

Na taso ina ganin shanun Fulani, amma ban taɓa ganin saniyar da aka rataya wa irin wannan kaya ba. Na yi ta jero masa tambayoyi. Ya ce a garinsu shanu kan yi watannin zafi suna kiwo a kan dutse. Idan kaka ta yi, kafin ƙanƙara ta sauko, sai a gangaro da su gida. Maza su kwance ƙararrawar daga wuyan shanu, su ɗaura a ƙugu, su zaga gari suna kaɗawa, wai don kyarkeci ya ji ya yi nisa. Kowane gida da muryar tasa, tsofaffi daga ɗaki suke gane ɗan wa ke wucewa.

"To kai me ya kawo taka Masar?"

Nan fara'arsa ta ɗauke. Ashe tun da ya musulunta mahaifinsa bai ƙara ce masa uffan ba. Ko ya kira waya, tsohon sai ya miƙa wa wani.

Ranar bikin gangaro da shanun, bayan la'asar, ƙanwarsa ta kira. Ta ce mahaifinsu ba lafiya, yana zaune bakin taga, maza za su wuce, kuma bana babu kowa daga gidansu a cikinsu. Abokina ya ce mata kada ta kashe wayar, ta kai ta kusa da tsohon, sannan ya jawo ƙararrawar ya zare safar nan.

"Yalla, mu je, riƙe min wayar," ya ce da ni.

Muka hau sama, ya ɗaura ta a ƙugu, ya fara tsalle tsakanin igiyoyin shanya. Ƙarar har cikin haƙorana! Mata suka leƙo ta tagogi da tukwanen gas, sun ɗauka mai sayarwa ne ya zo, don da bugun ƙarfe yake talla. Mai gadin gidan ya hauro yana haki, yana "Khalas, ya sheikh, khalas!" wato ya isa haka. Na ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, na kuma ɗaga wayar sama.

Can sai wata murya mai kauri ta fito daga wayar, ta yi magana da yarensu, a gajarce, kamar faɗa. Abokina ya tsaya cak, ƙwalla ta cika masa ido. Na ce a raina shi ke nan, an ƙara korarsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ina sauri da yawa. In lanƙwasa gwiwa yadda ya koya min."

Ya lanƙwasa, ya sake kaɗawa a hankali, tsohon yana ƙirga masa bugu ta waya. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba, mai gadi kuwa ya zauna a kan bokiti yana kallonmu.

Ranar na gane cewa idan uba ya rufe bakinsa, kunnensa a buɗe yake. Ka neme shi da abin da ya koya maka da hannunsa, ko da gyara ne zai amsa.