Jan Ribom ɗin Marlys

A garinmu, idan ana so a san ko 'yar ƙwallon kwando tana son maza, ba a tambayarta, ƙeyarta ake dubawa. In akwai ribom ɗaure a jelar gashinta, iyaye su yi barci har da minshari. In babu, sai 'yan kallo su fara zungurar juna suna cewa, "Irin waɗancan ce." Ba mai furta kalmar 'yar maɗigo. Mutanen jiharmu ta Iowa, a Amurka, akwai kunya, sun fi son su kashe mutum da raɗa.

Cikin wannan ilimi mai zurfi Marlys Hovland ta taso. 'Yar manomin masara ce, doguwa, in ta jefa ƙwallo daga nesa ba ta tsayawa kallon ko ta shiga. Tun tana sakandare ta gane abu biyu game da kanta: ba za ta taɓa son namiji ba, kuma ba za ta iya rayuwa babu ƙwallo ba. Sai ta shiga kanti ta sayo ribom mafi girma, ja wur, irin wanda ake liƙa wa saniyar da ta ci gasa. Ta haɗa da jan baki. Tsofaffin gari suka ce ga 'ya mace, Allah ya ba ta miji nagari.

Allah ya ba ta Joanne Tiedeman, wata ma'aikaciyar gidan waya mai kaifin harshe. Suka kama gida tare a bayan rumbunan masara. Gari ya cika da tausayi: bayin Allah, miji ya yi wuya, suna ɗebe wa juna kewa. Matan coci suka riƙa turo musu gwaurayen danginsu cin abincin Lahadi. Joanne ta gasa kaza, gwauro ya cinye, ya yi labarin tarakta, ya tafi.

Da tsohon koci ya mutu aka ba Marlys horar da 'yan matan makaranta. Ba ta soke dokar ribom ba. Ita da hannunta take raba wa yaran kafin wasa, ko kunya ba ta ji. A ganinta, in ƙyalle ne kuɗin shiga fili, ya yi araha.

Mataimakiyarta ita ce Bev Ostrander, wadda duk zargin gari ya tare a kanta. Bev ta aske gashinta tun ranar da injin ɗaure ciyawa ya kusa tafiya da fatar kanta. Muryarta kamar tarakta ta ƙi tashi, takalminta na maza saboda ba a yin na mata daidai ƙafarta. Tana da miji, Duane, ɗan siriri, wanda take so kamar ta haɗiye shi, da 'ya'ya huɗu. Gari ya ce Duane labule ne. Da ta ɗauki ciki na biyar aka ce, "Dubi irin wahalar da take ba kanta don kawai ta rufe mana baki."

Bev kuwa ta san komai tun tuni, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai dai in suna kwashe ƙwallaye bayan atisaye ta ce, "'Yar gayu, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ke da Joanne, ni da suna."

"Ki ɗaura ribom mana, ki huta."

"A ina? A kunne?"

Shekarar da ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe na jiha, Kendra Wickstrom, wadda ta fi kowa iya tsare gida, ta gaji da zufa ta datse gashinta. Uwarta Carol Ann, shugabar kwamitin iyaye, ta ga kan 'yarta sai da ta nemi kujera. Ba ta tambayi yarinyar dalili ba. Ta kira taro, a sallami Bev kafin cutar ta kama sauran. Ta kuma tare Marlys a bakin kanti ta riƙe mata hannu. "Ƙawata, ke ce mace a cikinsu. Kalma ɗaya daga bakinki ta wadatar."

Da safiyar ranar taron Marlys ta zauna tana juya gahawa har ta huce.

"In na yi magana aikina ya tafi," ta ce. "In na yi shiru na Bev ya tafi, ga ciki."

Joanne ba ta ɗago daga kaskon ƙwai ba. "Tsohuwa, ni dai na gaji da gasa wa gwauraye kaza."

A ɗakin ƙasa na coci aka taru, ga gahawa, ga faranti na dankali da niƙaƙƙen nama. Carol Ann ta yi jawabi a kan tarbiyya har da ƙwalla. Bev na zaune a baya, ciki a gaba, Duane na yi mata fifita da takardar waƙoƙin coci. Aka ce Koci ta yi magana.

Marlys ta miƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Kuna zaton wuta a maƙera. Wadda kuke nema ni ce. Ni 'yar maɗigo ce, Joanne kuma ba haya muka haɗa ba."

Can sai Carol Ann ta dafa ƙirji ta yi murmushi. "Ayya, Marlys! Kun ga zuciya? Don ta ceci ƙawarta za ta yi wa kanta ƙazafi."

"Ba ƙazafi ba ne, Carol Ann."

"Haba, da ribom ɗinki?"

Aka fashe da dariya, har wani dattijo ya tafa. Fasto ya ce irin wannan sadaukarwa ta yi ƙaranci a zamanin nan. Wata ta ce ai ta taɓa shiga gidan, labulensu ma mai furanni ne. Aka fara ɗaga hannu don korar Bev.

Marlys ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin tana gina ƙaryar nan, ashe ta yi ƙwarin da ita kanta ba ta iya rushe ta da baki. Ta wuce kicin ɗin coci ta ɗauko almakashin yanka kaza. A gabansu ta kama jelar gashinta, ta datse daga tushe, ta ajiye ta da ribom ɗinta kusa da farantin dankali.

Sai a lokacin Carol Ann ta ƙwalla ƙara. "Wayyo Allah, ashe gaskiya ne! Ku dube ta!"

Kafin gahawa ta ƙare an sallami Marlys. Sai aka tuna wasa saura kwanaki, kuma duk garin ba wanda ya san dabarun ƙungiyar sai Bev. Aka roƙe ta ta karɓa, bisa sharaɗin ta riƙa ɗaura ribom. Bev ta ɗauki na kan tebur, ta zare shi daga gashin, ta ƙulla a igiyar usur ɗinta.

"Ga shi na ɗaura. Duane, tashi mu tafi, bayana ya ƙage."

An cinye su a wasan, da tazara mai yawa ma. Marlys ta kalla daga benen 'yan kallo, kujerun gefenta babu kowa sai Joanne. Ba ta sake horar da kowa ba. A kantin sayar da iri da taki ta ƙarasa shekarun aikinta, kuma rabuwa da ƙwallon na yi mata ciwo har yau, ba ta ɓoyewa.

Yanzu ta haura saba'in, gashin fari fat, gajere. 'Yan matan ƙungiyar wasu da ribom, wasu babu, wata ma budurwarta ke jiranta a ƙofa da rigar sanyi, ba mai ko juyowa. Kwanan baya Carol Ann ta dogara sandarta ta zo ta zauna kusa da Marlys da Joanne a benen 'yan kallo lokacin hutun rabin lokaci.

"Ni fa, Marlys, tun farko na sani. Ido gare ni."

"Ƙwarai kuwa," in ji Marlys, idonta na kan fili. "Har ƙanenki kika turo mini."

"Sau uku," in ji Joanne. "Kuma bai taɓa rage mana ko fiffike ba."