Tantanin da ke Muƙamuƙin Baba

Mahaifina mahauci ne a Talata Mafara, kuma bai taɓa sayar da naman da bai ga yankansa da idonsa ba. Ko a gidan suna aka miƙo masa nama sai ya tambayi wanda ya riƙe wuƙar. Mukan yi masa dariya a bayan ido, mu ce da zai samu dama har kifi sai ya yanka.

Shekarar da ƙari ya fito masa a muƙamuƙi, ni na kai shi babban asibiti a birni. Likitan ba ya jin Hausa, don haka na zama tafinta. Ya ce in aka cire ƙarin, rami zai saura a ƙashin. Nama ya fi ƙashi saurin tsirowa, in aka bar ramin a buɗe nama ne zai riga cika shi, ƙashin ya zauna ba ƙwari har wata rana ya karye. Sai an rufe bakin ramin da wani tantani, ƙashi ya cike a hankali ta ƙarƙashi, daga baya tantanin ya narke a jiki.

Baba ya gane tun kafin in gama, don ya san nama ya san ƙashi. Ya ce, "Tambaye shi, tantanin ga na mi ne?"

Likita ya ce daga jikin zuciyar saniya ake yin sa, a ƙasar waje, kuma irinsa kaɗai gare su. Na san tambayar da za ta biyo baya, na kuma san ba wanda zai iya cewa ga wanda ya yanka saniyar. Baba zai ɗauki hularsa ne ya koma Mafara da ƙarinsa.

Na ce, "Roba ce, Baba."

Ya dube ni. "Maganarshi da tsawo, taka gajera."

"Haka Turanci yake."

Aiki ya yi kyau, ƙashi ya cike. Har kilishi ya koma ci, yana yi wa abokansa a kasuwar Bakura alfahari da ɗansa mai jin Turanci. Ni kuwa duk sanda na bi shi salla ina jin karatunsa, muƙamuƙin nan nake tunani. Na tambayi wani malami a ɓoye, ya ce lalura ce, ba laifi a kan Baba. Ban ji sanyi ba. Baba bai tambaye ni hukunci ba, abin da za a sa a jikinsa ya tambaya.

Bayan shekara huɗu ya kwanta ciwon ajali. Da hantsi na durƙusa gabansa na ce ya gafarta mini.

"Mi kay yi min? Kai ko ƙarya ba ka taɓa yi min ba. Na yahe maka duniya da lahira."

Na tashi ban gaya masa ba. Ya cika bayan azahar, ni na ɗaure masa haɓa da hannuna. Har yau ina jin tsoron yafiyar nan, don bai san abin da ya yafe ba, kuma yanzu ba ni da hanyar faɗa masa.