Tekun da na kai Inna ta gani

"Ja da baya, Inna," na ce, ina janye ta daga jikin hoton da ke rataye a bango. "In kin matsa kusa ba abin da za ki gani sai jagwalgwalon fenti."

A falon Baturen da nake wa raino muke, ɗaya daga cikin masu gina masaƙa a Kakuri. Ya tafi aiki, matarsa ta fita, kuku ya buɗe mana ƙofar baya yana ta mita. Ɗansu na goye a bayana, nauyi kamar turmi.

Hoton duwatsu ne baƙaƙe, ruwa na dukan su, fari da shuɗi da kore a cakuɗe, sai ka ce mai zanen hannunsa kawai ya goge a ƙyallen. Akwai rubutu a ƙasa, amma lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Kuku ne ya taɓa gaya min teku ne. Ni ban san ruwan da ya wuce kogin Kaduna ba.

Abin da ya sa na kawo ta, Inna ta ɗaure kaya za ta Makka ta ƙasa, da ayarin mutanen unguwar Makera. Mota, ƙafa, Sudan, sannan jirgin ruwa. Tsohuwa, ga yanar ido ta rufe mata gani. Na yi magana har bakina ya gaji. Na ce bari ta ga abin da ke jiran ta, ko tsoro ya zaunar da ita.

"To ga tekun. Kin ga duwatsun nan? Nan jirage ke farfashewa."

Ta daɗe tana kallo.

"Ke 'yar nan, wa ya zana?"

"Wani Bature."

"Allah sarki, shi ma yanar ido gare shi. Ai haka nake ganin fuskarki tun bara, ban kuma fasa zuwa inda kike ba."

Kuku ya leƙo da ludayi a hannu. "Iya, wannan fa tekun Turai ne, ba na Jidda ba."

Na harare shi. Aikin gama ya riga ya gama.

"Ka ji ta," in ji Inna. "Ta sa na tako rana in kalli ruwan wasu. Ba ni ruwa in sha, ɗan nan."

Na haƙura. Na gaji.

Ranar tafiya ni na ɗauki ƙullin kayanta a ka har tasha. Na tura ta bayan mota, na miƙa mata butarta. Ta leƙo tana neman fuskata a wajen da ba na nan, ta ce kar in bar akuyarta ba dusa. Direba ya ja.