Moton Amurka a Shagon Mijinyawa

A Karaye, in kana neman wanda zai yi maka ƙofar da jikokinka za su gada, wajen Mijinyawa kafinta za a tura ka. In kuma kana neman mutumin da bai taɓa furta "ban sani ba" ba tun da aka yaye shi, to shi ɗin ne dai. Shekara talatin da ɗaya yana yankan katako a shagonsa na bakin hanyar Unguwar Hajji, shi da ƙaninsa Ilu. Garin katako ya zame masa ɗan gida: yana cikin gemunsa, yana cikin kunnensa, har matarsa Lami ta daina kakkaɓe masa hula.

Tari ya fara masa a hankali. Ya ce mura ce. Murar ta shekara biyu, ya ce ai irin ta yanzu ce, mai naci. Da Lami ta tisa shi gaba zuwa asibiti, likita ya duba hoton ƙirjinsa ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko ya daina shaƙar ƙura, ko ya daina kafinta. Wannan magana ta tsorata shi ƙwarai, domin ban da katako babu abin da hannunsa ya iya. Amma a hanyar gida ya ce wa Lami dama can shi ma abin da yake shirin faɗa wa likitan ke nan.

Dabarar zuƙe ƙurar ba ta da wuya. Maƙeri ya ƙera masa babbar fanka cikin gida na ƙarfe, aka jawo tiyo zuwa bakin zarto da injin goge katako, aka ɗaura buhu a baya. Saura moto, wato injin lantarkin da zai juya fankar ta zuƙe ƙurar.

Mai sanin wannan harka shi ne Yusha'u, mai naɗin wayar moto a Rogo. Sai dai Yusha'u taubashin Mijinyawa ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa tun suna yara, kuma neman shawarar taubashi ya fi ƙarfin Mijinyawa. Don haka ya shiga Kano shi kaɗai, ya zaga 'yan gwanjo. Aka nuna masa wani moto mummuna, fentinsa duk ya kwaile, an rubuta hamsin a jikin ɗan farantinsa. Aka nuna masa wani kuma mai sheƙi, wanda aka ce daga Amurka ya sauka, an rubuta sittin. Mijinyawa bai yi karatun boko mai nisa ba, amma ya san sittin ta fi hamsin.

Labari ya isa Rogo kafin moton ya huce daga zafin but ɗin mota. Washegari sai ga Yusha'u a kan babur.

"Bawana, an ce ka yi baƙo daga Turai."

"Amurka ake cewa, bawa. Sauko ka gaishe shi."

Yusha'u ya tsuguna, ya goge farantin da babban yatsa. "Wannan lambar ba ta ƙarfi ba ce. Wutar ƙasarsu tana kai da komowa sau sittin a sakan ɗaya, tamu sau hamsin. In ka jona shi a nan, gudunsa zai ragu, fankar ba za ta zuƙi abin kirki ba, kuma zai riƙa zafi. Mayar da shi ka ɗauko na hamsin."

Mijinyawa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Wanda ya saba aiki sau sittin, in aka ce ya yi hamsin, ai hutu aka ba shi."

Aka jona. Moton ya juya a natse, kamar alhajin da ba ya son ya ɓata riga. Manyan ɓarɓashi sun ƙi motsi, ƙurar mai laushi, wadda likita ya ce ita ce mugunyar, ta ci gaba da yawo a iska. Kafin azahar ba ka iya ɗora hannu a jikinsa. Mijinyawa ya bayyana wa masu kallo cewa baƙunta ce, yanayin garin ne bai saba da shi ba tukuna.

Da baƙuntar ta yi wata biyu, ya yanke hukunci cewa laifin Najeriya ne. Tunda wutar gwamnati leƙowa kawai take yi ta koma, yawancin aiki da janareta ake yi. Ya kira bakanike ya ce a ƙara wa janareta gudu har ya kai sittin. Ranar kam fanka ta zuƙa, har da hular wani mai kallo. Mijinyawa ya aika wa Yusha'u saƙon murya na minti shida.

Sai dai zarto da injin goge katako 'yan hamsin ne. Suka kama gudun da ba nasu ba, zarto na ihu yana ƙona bakin katako, bel na tsinkewa duk mako, janareta na shan mai kamar an huda shi. Ilu ya gaji da canjin bel ya mayar da janareta yadda yake. Mijinyawa ya sake ƙarawa. Haka suka yi ta yi har damina, rabin yini a Amurka, rabin yini a Karaye, shi kuwa yana tsaye cikin ƙurar yana ba da umarni.

Abin da ya kashe moton alheri ne. A tsakiyar damina wutar gwamnati ta zauna kwana huɗu cur, abin da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba. Wa zai ƙona mai ga wuta a bango? Moton ya yi ta juyawa a wutar hamsin ba hutu, a rana ta huɗu hayaƙi ya tashi, shago ya cika da ƙaurin waya.

Mijinyawa ya ɗaura gawar moton a bayan babur ya tafi Rogo. Daga inda ya ajiye babur zuwa shagon Yusha'u bai fi taku ashirin ba, amma sau biyu yana tsayawa ya dafa bango. Ya shirya amsar kowace irin tsokana tun daga gida. Yusha'u ya dube shi, ya jawo benci ya ce, "Zauna, ɗan'uwa," ya miƙo masa ruwa. Tun suna yara, yau ne karo na farko da bai kira shi bawa ba.

Bayan kwana uku Yusha'u ya zo Karaye da wani moto mummuna na hamsin, ya ɗaura shi da kansa. Ilu ya tura katako a zarto, tiyo ya haɗiye ƙurar tun kafin ta tashi. Hasken rana da ke shigowa ta taga ya sauka tas, babu abin da ke yawo a cikinsa. Mijinyawa ya karɓi katako na biyu don ya gwada, ya kai rabi, numfashi ya gagara, ya miƙa wa Ilu ya koma benci.

Ya daɗe yana kallon buhun yana cika. Sannan ya sassauta murya yadda Ilu ba zai ji ba.

"Yusha'u, wadda ta riga ta shiga ƙirji fa? Wane irin moto ke zuƙo ta?"

Yusha'u bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗaure wani noti da ya riga ya ɗauru.